Fanaretin Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a Haɗeja cikin shekaru ashirin ɗin nan ya san ƙarar usur ɗin Abdulmannan, kuma da wuya a samu wanda bai taɓa zaginsa a zuci ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Sana'arsa gyaran injin ban-ruwa na manoman fadama, kullum hannunsa cikin baƙin mai, amma ranar wasa in ya saka baƙar rigarsa ta alƙalanci ya ɗaura agogo biyu, ɗaya a kowane hannu, sai ka rantse daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Ya taɓa korar ƙanin matarsa da jan kati ana saura kwana uku ɗaurin auren ƙanin, ya kuma je ɗaurin auren ya zauna a sahun gaba, ya ci shinkafa har da ƙari. Tun daga nan samari suka laƙaba masa Ba-Sani-Ba-Sabo. Yana nuna kamar bai ji ba, alhali sunan yana yi masa daɗi ƙwarai.

Wuri ɗaya ne kawai alƙalancin nasa yake karkacewa, shi kuma bai sani ba.

Yana da ɗan fari, Fatihu, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, ɗan wasan gaba na ƙungiyar Bakin Kogi. Tun da aka yaye shi kakarsa Iya ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, kamar yadda aka saba. Abdulmannan bai taɓa kiran sunansa ba. In zai yi maganarsa sai ya ce "yaron nan" ko "na wajen Iya", in kuwa sun haɗu a zaure sai ya mai da idonsa kan bango. Wannan ba laifi ba ne, kunyar ɗan fari ce, kowa ya gaje ta. Laifin shi ne da ya saka ta a aljihu tare da katunansa ya shiga da ita fili. Sau uku yana alƙalancin wasan da Fatihu yake ciki, sau ukun kuwa 'yan baya suka gane cewa ƙafar yaron ta zama ta kowa. A shure shi, a ja rigarsa, a take shi, sai dai ka ga Abdulmannan ya kaɗa hannu ya ce a ci gaba. A wasan bara an yi wa Fatihu wata ƙetar da ta sa shi ɗingishi wata biyu, uban ko usur bai kai baki ba. Shi a ganinsa gaskiya yake yi, kada a ce ya fifita nasa.

Ranar Asabar ɗin da za a buga wasan ƙarshe na kofin matasa, Bakin Kogi da Taurarin Birniwa, ba shi aka ba alƙalanci ba. Wani aka ɗauko daga Miga. To, damina ce ta yi nauyi, kogi ya cika ya tumbatsa, da hantsi sai ga labari ruwa ya yanke hanya, mutumin Miga ba shi da ta inda zai biyo. Abdulmannan yana tsugune ya kwance cikin wani inji sai ga Yunusa, shugaban kwamitin gasar, tare da Modu, kocin Birniwa, wani dogon Babarbare mai yawan dariya.

Bayan an gaisa Yunusa ya ce, "Malam, ka ji abin da ya faru. Babu wanda zai riƙe wasan nan in ba kai ba."

"Kun manta akwai na wajen Iya a ciki?"

Modu ya yi caraf ya ce, "Mu ne baƙi, mu ya kamata mu yi ƙorafi, kuma ba mu yi ba. Wallahi Malam, ko ƙungiyar duka 'ya'yanka ne, mun yarda da kai."

Abdulmannan ya ji kansa ya ƙara girma. Bai lura da yadda Modu yake danne murmushi ba, irin na wanda ya tsinci abu a hanya. Ya goge hannu da tsumma ya ce ƙarfe huɗu daidai zai busa, wanda ya makara ya makara.

Da azahar ya shiga gida ɗaukar kayansa. Iya tana bakin ɗakinta tana gyaran tarwaɗa a cikin roba, ba ta ɗago ba ta ce ya zo ya zauna. Labari ya riga shi isowa.

"Na ji kai za ka hura musu."

"Ni ne, Iya. Ruwa ya tare wancan."

"To, maigidan nawa ya haɗa jakarsa." Haka take kiran jikan nata. "Gobe da safe zai tafi Nguru wajen kawunsa, ya shiga harkar bandar kifi. Ya ce ba zuwa da dawowa ba ne, zama ne."

Abdulmannan ya ce ai sana'a ce mai kyau.

Iya ta ajiye wuƙar. "Sana'a ce ta kore shi? Daren jiya ya ce mini, Iya, ni ban san abin da na yi wa Baba ba. Ya ce in baƙo aka kayar a gabanka kana bi masa haƙƙinsa, in shi ne sai ka kalli sama. Ƙato da shi, yana faɗa muryarsa tana rawa."

"Iya, kunya ce. Ke ma kin sani."

"Ni za ka koya wa kunya? Yayanka har ya koma ga Allah ban kira sunansa ba. Amma ban taɓa tsayawa ina kallo ana dukansa ba. Taka ta wuce kunya, Abdu, ta zama zalunci, kuma a gaban mutane kake yi masa." Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da aiki. "Tashi ka tafi, kada ka makara."

Ya fita da ɓacin rai. Shekara ashirin ana zaginsa a fili, ba a taɓa kiransa azzalumi ya ji zafi ba sai yau. A hanya ya yi ta kare kansa a zuci, yana lissafo wasannin nan uku ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ya lissafo sai ya ga kariyar tana raguwa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne jakar. Bai taɓa zama ya yi hira da yaron nan ta minti biyar ba, amma ya san takunsa in ya shigo zaure, kuma bai san yadda gidan zai zama babu wannan takun ba.

Filin yana bayan gari, jikin jingar da aka yi don tare ruwa. Mutane sun cika kan jingar, wasu a kan buhunan yashi, wasu a kan babura, bayansu kuwa ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kawunan shinkafa suna leƙowa. Wani masunci ya tsai da kwalekwalensa yana kallo daga can, in ƙwallo ta faɗa ruwa shi yake jefo ta. Da toka aka ja layukan fili tun da safe. Mutanen Birniwa sun zo mota uku da ganguna.

Ƙarfe huɗu daidai ya busa.

Ba a yi minti goma ba ya gane abin da Modu yake wa murmushi. Sun saka wani ɗan baya mai suna Ari, ƙaƙƙarfa mai wuya kamar turmi, ba shi da wani aiki sai Fatihu. Karo na farko da Ari ya shure shi a ƙauri, Abdulmannan ya kama kansa da kansa: wuyansa ya riga ya juya, idonsa yana kan tutar kusurwa, hannunsa ya ɗaga zai ce a ci gaba. Ashe haka yake yi. Ashe ba hukunci yake yankewa ba, kau da kai yake yi tun kafin ya gani. Kunya ta kama shi, ba irin ta ɗan fari ba, irin ta ma'aikacin da ya gano ya daɗe yana ɗaure ƙusa a baibai.

Daga nan ya tilasta wa idonsa. Abin da wuya, domin bai saba kallon yaron kai tsaye ba. Sai yau ya ga yadda yake karɓar ƙwallo da ƙirji, yadda yake juyawa a kan ƙafar hagu, yadda in an kayar da shi yake tashi ba tare da ya dubi alƙali ba, don ya san babu abin da zai samu a can. Sau biyu ya ba shi bugun tazara. A na biyun Ari ya tsaya yana kallonsa baki buɗe, kamar an karya wata yarjejeniya.

Birniwa suka fara ci kafin hutun rabin lokaci. Bakin Kogi suka rama da ka daga bugun kusurwa ana saura minti ashirin. Aka tashi kunnen doki, aka shiga ƙarin lokaci. Rana ta yi ƙasa, 'yan wasa sun jiƙe da gumi da taɓo, tokar layukan nan kuwa an tattake ta, wani wurin sai ka ƙura ido kafin ka ga alamarta.

Ana saura minti uku a tafi bugun raba gardama, aka jefo wa Fatihu ƙwallo ta gefen hagu. Ya tare, ya yi kamar zai fita waje, ya yanko ciki, ya bar Ari a baya. Ya shiga yadi na sha takwas da taku guda cikakke, sai shi sai gola. Ari ya miƙo ƙafa ta baya ya harɗe masa idon sawu. Fatihu ya kifa da fuska.

Abdulmannan yana taku goma daga wurin, babu kowa tsakaninsa da su. Ya ga ƙafar, ya ga inda ta sauka, ya ga ragowar tokar a bayan dugadugan yaron. Mai tuta yana can nesa, bai ɗaga komai ba. Kowa a fili yana jiran hannun nan da aka sani ya kaɗa.

Ya busa da dukkan ƙarfinsa, ya nuna tsakiyar yadi. Fanareti.

Kafin ya sauke hannu ganguna sun tsaya, ihu ya maye gurbinsu. 'Yan Birniwa suka yanyame shi, kowa yana nuna ƙasa, wannan ya ce layin nan yake, wancan ya ce can yake. Modu ya keto fili a guje, hularsa a hannu, dariyar nan duk ta gudu.

"Malam! Da kai? Mu da muka zaɓe ka?"

"Alƙalanci kuka zaɓe ni in yi."

"A waje ne wallahi! Ina layin ma yake? Nuna mini layin!"

"A ciki ne. Na gani da idona. Koma wajenka, Modu, kafin in nuna maka abin da ke aljihuna."

Ya ba wa Ari katinsa, ya kori mutane baya, ya auna taku sha biyu daga raga da kansa, ya dangwala ƙafa. Daga kan jinga maganganu suna ta zubowa, ba na mutanen Birniwa kaɗai ba, har da 'yan gari masu jin haushin Bakin Kogi. "Ɗansa ne!" "Yau an sani, an saba!" "A kai musu kofin gida mana, a huta!" Ya ji kowace kalma. Sunan da ya yi shekara ashirin yana ginawa ne ake yayyagawa, kuma abin ya yi masa ciwo, amma ko kaɗan bai yi shakkar abin da ya gani ba.

Fatihu ne mai buga wa ƙungiyarsu fanareti, kowa ya san haka. Ya tashi yana share taɓo daga fuska, ya ɗauki ƙwallo ya ajiye. Shi ma yana jin abin da ake faɗa. Ya saci kallon ubansa sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Golan Birniwa, wani siriri da ake kira Ɗan'auta, yana ta tsalle yana tafa safar hannu.

Abdulmannan ya busa. Fatihu ya taho a sanyaye, tun bai kai ga ƙwallo ba Ɗan'auta ya baro layinsa da taku biyu, ƙafafu duka a gaba. Fatihu ya sa gefen ƙafa ya gangara masa ita a hankali, tsakiyar hannu, bugun da ko tsohuwa za ta kama. Ɗan'auta ya rungume ta ya kwanta a kai. Ganguna suka ɓarke, 'yan Birniwa suka hau rungumar juna, 'yan Bakin Kogi suka ɗora hannu a ka.

Kowa ya ɗauka tsoro ne ya kama yaron. Abdulmannan kaɗai ya gane. Ya ga wannan sunkuyar da kan, ya san ta, domin tasa ce. Yaron ya mayar da abin da aka ba shi ne don a daina zagin ubansa. Tausayi da fushi suka kama shi a haɗe. Wato shi ya koya masa cewa haƙƙinsa abin kunya ne, har ya iya zubar da wahalar abokansa goma a kan haka.

Ya sake busa usur, dogo, ya nuna layin raga, ya juya yatsa. Gola ya fito kafin a buga. A sake.

In ka ce fili ya rikice ka rage. Ledojin ruwa suka fara sauka. Modu ya jefar da hularsa ƙasa ya take ta. Yunusa ya tsaya a bakin layi yana ɗaga hannu biyu, ba a san ko roƙo yake yi ko addu'a ba. Amma a cikin masu ihun akwai waɗanda suka san Abdulmannan ya taɓa sa a sake fanareti a kan wannan laifin sau biyu, a wasannin da ba shi da kowa, kuma Ɗan'auta kansa bai yi musu ba, ƙwallon kawai ya ƙi saki sai da aka karɓe ta.

Abdulmannan ya karɓi ƙwallon ya taka har gaban Fatihu. Tun da aka haifi yaron bai taɓa tsayawa kusa da shi haka a gaban jama'a ba.

"Kai. Ɗago kanka."

Fatihu ya ɗago da ƙyar. Idonsa ya yi ja.

"Wa ya aike ka?"

"Baba, zaginka suke yi."

"Ni ake zagi, ba kai ba, kuma na saba. Ka ji ni da kyau. Ba kyauta na ba ka ba. An kayar da kai a ciki, na gani. Na bara ma na gani, ban busa ba, wannan laifina ne." Ya dangwara masa ƙwallon a ƙirji. "Haƙƙinka ne. In ka sake miƙa masa ita, ni da kai ne a gida."

Ya juya ya koma wurinsa ba tare da ya jira amsa ba. Ya nuna wa Ɗan'auta layi da yatsa, ya jira har aka ɗan lafa, ya busa.

Wannan karon Fatihu ya ja da baya taku biyar. Ƙarar bugun har kan jinga an ji ta. Ƙwallon ta shige kusurwar sama ta dama, ta ɗaga ragar, Ɗan'auta ya faɗi hagu.

Minti biyun da suka rage Abdulmannan ya buga su cif, bai rage daƙiƙa ba, bai ƙara ba, har ya ba Birniwa bugun tazara a bakin yadi wanda ya wuce ta saman raga. Sannan ya tashi wasa.

Ba wanda ya zo ya ba shi hannu. Modu ya wuce ta gabansa ya ce har abada ba zai yarda a ciki ne ba, Abdulmannan ya ce ba sai ya yarda ba. Yunusa ya ja shi gefe yana sosa ƙeya, ya ce Malam ka san halin mutane, wataƙila gasa mai zuwa ka ɗan huta tukuna har maganar ta kwanta. Ya ce to. Ya cire agogunansa biyu ya zuba a aljihu, ya ɗauki jakarsa ya kama hanyar gari a ƙafa, ana ta kiran sallar magariba.

Bai yi nisa ba ya ji taku a bayansa, ya kuwa san ko na wane ne. Fatihu ya bar abokansa suna zagaya fili da kofi, ya biyo shi, takalman ƙwallo rataye a wuya, yana tafiya ta ɓangaren da har yanzu ake jefo ledojin ruwa, don ya kare shi. Suka yi tafiya mai ɗan tsawo tare.

Can Fatihu ya ce, "Baba, motar Nguru da sassafe take tashi."

Abdulmannan bai juyo ba. "Akwai injin da zan ɗora a kan amalanke gobe in kai fadama. Ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba."

Fatihu ya gyara takalman da ke wuyansa.

"To, Baba."

A bakin hanya motocin Birniwa suna lodi, samari sun cika bayan wata a-kori-kura, rai a ɓace. Ɗaya daga cikinsu ya hango baƙar rigar, ya miƙe tsaye ya haɗa hannu a baki don kowa ya ji.

"Ga shi nan! Ba alƙali ba ne wannan! Baban Fatihu! Kai, Baban Fatihu!"

Sauran suka ɗauka da shewa. Fatihu ya daskare, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Abdulmannan ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci motar, ya ɗaga murya yadda yake ɗaga ta a fili.

"Na'am. Wa ke kira?"